Kwamfutoci uku, modem ɗaya, babu rauta: yadda za a raba intanet a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. A gidanmu akwai kwamfutoci uku: laftof ɗina mai Windows 10, laftof ɗin ƙanwata, da wata tsohuwar kwamfutar tebur da yara ke karatu da ita, wadda ba ta da Wi-Fi. Intanet ɗinmu modem ne na USB guda ɗaya, kullum sai an zare daga wannan a soka a waccan. Ba ni da halin sayen rauta, na'urar da ke raba intanet, yanzu. Shin akwai hanyar da dukkanmu za mu hau a lokaci ɗaya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Hanya akwai, Malam, kuma ba sabuwa ba ce. Tun 1999, da fitowar Windows 98 bugu na biyu, Microsoft ya sa wa Windows dabarar raba intanet, har yau kuma tana nan a Windows 10 da 11. Sai dai kafin ka danna komai ka riƙe abu guda: rautar ce babu, amma aikinta yana nan, dole wani ya ɗauka. A gidanka laftof ɗin da modem ke jikinta ce za ta ɗauka. Daga nan uwa za mu riƙa kiranta, sauran biyun kuma 'ya'ya.

Aikin kashi uku ne. Kamfanin layi adireshi ɗaya tak yake ba ka, kamar gida mai ƙofa ɗaya. Duk saƙon da zai fita ta zaure yake bi, duk amsar da ta dawo a zaure take tsayawa, wanda ke zaune a zauren kuma shi ya san ɗakin da ya yi aiken. Wannan tsaron zaure shi ake kira NAT. Na biyu, kowane ɗaki sai an ba shi lambarsa ta cikin gida, aikin DHCP ke nan. Na uku, in 'ya ta nemi wani shafi da sunansa, uwa ce za ta tambayo lambarsa ta kawo mata, wato DNS. Mun tsaya a kan wannan ne domin kusan duk cikas ɗin da za ka gamu da shi nan gaba, ko dai kebul ne, ko ɗaya cikin ukun nan ya tsaya.

Fara da gane irin modem ɗinka, shi zai zaɓa maka hanya. Soka shi ka hau intanet, sannan ka danna maɓallin Windows da harafin R tare, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter. Za ka ga dukkan kafofin sadarwar kwamfutar a jere. Wani modem yana fitowa kamar kebul, da suna irin "Ethernet 2" da rubutun "Remote NDIS" a ƙasansa. Irinsu ta burauza ake saita su, na Huawei a 192.168.8.1, yawancin na ZTE a 192.168.0.1. Wani yana fitowa da sunan "Cellular". Wani kuma, musamman tsofaffin da ke zuwa da manhajarsu mai maɓallin "Connect", yana fitowa a matsayin layin bugawa, irin na zamanin wayar tarho. Biyun farko suna bin kowace hanya, ta Wi-Fi ko ta kebul. Na ukun kebul kawai zai fi maka, domin hanyar Wi-Fi ta Windows 10 ba ta ganinsa, sai ta ce maka kwamfutar ba ta da intanet alhali kana kai.

Hanyar Wi-Fi ita ce mafi sauƙi. Tun bugun 1607 na shekarar 2016 Windows 10 yake da "Mobile hotspot", a cikin Settings, sashen Network & Internet. Ka zaɓi modem a matsayin wurin da za a ɗebo intanet, ka danna Edit ka sa suna da kalmar sirri wadda ba ta gaza haruffa 8 ba, ka kunna. Na'urori 8 yake ɗauka, ba ya wucewa. In akwai zaɓin zango, bar shi a 2.4 GHz: ya fi 5 GHz ratsa bangon bulo, kuma tsofaffin na'urori da yawa shi kaɗai suke gani. Akwai wani maɓalli a ƙasa mai suna "Power saving" da ke kashe komai in an ɗauki 'yan mintuna babu wanda ya hau. Kashe shi, in ba haka ba kullum ƙanwarka sai ta zo ta ce maka ya ɗauke. Kwamfutar tebur kuwa sai ka saya mata ɗan adaftan Wi-Fi na USB, ka tabbatar tun a shago akwai direbansa, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi, na irin Windows ɗin da ke cikinta.

A nan akwai tarkon da ya kamata ka sani, domin tsarin gidanka shi zai fara jan ka zuwa gare shi. Za ka so ka ba laftof ɗin ƙanwarka ta Wi-Fi, ka ba ta tebur ta kebul, duka daga uwa ɗaya. Windows kafa ɗaya yake yarda a raba wa intanet a lokaci guda, kuma hanyoyin biyu adireshi ɗaya suke nema, 192.168.137.1. Galibi kunna ɗaya yana ture ɗaya. Saboda haka ka tsai da magana: ko kowa ta Wi-Fi, ko kowa ta kebul.

Mu dai in kwamfutocin ba yawo ake yi da su ba, kebul muka fi so. Ba ya damuwa da bango, ba ya damuwa da Wi-Fi ɗin maƙwabta, kuma in ya lalace ana ganin inda ya lalace.

Kayan da kake buƙata: suwic mai kafa 5, irin wanda ba a saita shi, da kebul uku na Cat5e ko Cat6 masu kan RJ45. Da kwamfuta biyu ce kawai, da kebul ɗaya ya isa, daga wannan zuwa waccan, ba sai da suwic ba. Kada kamannin suwic da rauta su ruɗe ka. Suwic mahaɗa ce kawai, ba ya raba adireshi, ba ya tsaron zaure. In ka soka masa kwamfutoci uku ba tare da uwa ta ɗauki aikin ba, babu wadda za ta ga intanet. In laftof ɗin siririya ce marar kafar kebul, akwai adafta daga USB zuwa Ethernet.

Game da kebul ɗin kansa. Tsawonsa kada ya wuce mita 100 tsakanin na'ura da na'ura. A kasuwa akwai mai arha wanda cikinsa alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe. Kankare silin waya ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana, shi ne. A mita biyar ko goma zai yi aiki, amma yana saurin karyewa a bakin kai, kuma a doguwar tafiya yana ba da wahala. In da kanka za ka matse kawunan da filayar matse kan kebul, ga jerin da aka fi bi, mai suna T568B, daga hagu zuwa dama in ka riƙe kan RJ45 ɗin maƙallinsa yana kallon ƙasa, ramin da waya ke shiga yana kallonka: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Duka kawunan biyu jeri ɗaya. Lura da yadda koren ya rabu, ɗaya a na 3 ɗaya a na 6. Wanda ya jera launuka biyu-biyu a tsanake yadda ido ya fi so, kebul ɗinsa zai kunna fitila amma ya riƙa zubar da saƙo in ya yi tsawo.

Za ka ji tsofaffin ma'aikata suna cewa haɗa kwamfuta da kwamfuta kai tsaye sai da kebul mai giciye. Da gaskiyarsu a zamaninsu. Tsofaffin kafofi masu gudun megabit 10 ko 100 suna aikawa ta waya ta 1 da ta 2, suna karɓa ta 3 da ta 6, to in an haɗa biyu iri ɗaya da miƙaƙƙen kebul, baki ne ke fuskantar baki, babu kunne. Maganin shi ne a musanya lemo da kore a kai ɗaya, wato T568A a gefe guda, T568B a ɗaya gefen. Yau kusan duk kafa mai gudun gigabit tana gane wannan ta juya da kanta, kuma gefe ɗaya ya iya ya wadatar. Sai in duka kwamfutocin biyu tsofaffi ne sosai za ka nemi mai giciye. Da suwic a tsakani ma maganar ba ta taso ba.

Yanzu saiti. Haɗa uwa da 'ya'yan a suwic, ka ga fitilar kowace kafa ta kama. Koma ncpa.cpl a kan uwa. Danna dama a kan modem, ba a kan kafar kebul ba. Nan mutane suka fi yin kuskure, abin da ke da intanet shi ake rabawa. Zaɓi Properties, shiga shafin Sharing, sa alama a akwatin farko mai cewa "Allow other network users to connect through this computer's Internet connection". In ƙaramin jeri ya fito a ƙasansa, zaɓi Ethernet, wato kafar da ke zuwa suwic. Akwati na biyu, wanda ke ba sauran kwamfutoci ikon kashewa da kunnawa, cire masa alama. Danna OK. In modem ɗin irin na bugawa ne, sai ka katse ka sake haɗawa kafin rabon ya fara aiki.

Da ka yi haka Windows zai ba kafar kebul ta uwa adireshin 192.168.137.1 da kansa. Kada ka taɓa shi. A kan 'ya'yan kuma babu abin yi sai tabbatarwa: ncpa.cpl, Ethernet, Properties, "Internet Protocol Version 4", a ga duka zaɓin biyu suna kan karɓar adireshi kai tsaye. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya kamata shafi ya buɗe.

In bai buɗe ba, kada ka shiga taɓe-taɓe. Bi daga ƙasa zuwa sama. Fitilar kafa ba ta kama ba? Kebul ne, ko kan da ba a matse da kyau ba, ko direban kafar. Ba maganar saiti ba ce tukuna. Fitila ta kama? Buɗe cmd a kan 'yar, ta maɓallin Windows da R kamar yadda ka buɗe ncpa.cpl, ka rubuta ipconfig. In adireshin ya fara da 192.168.137, rabon lamba yana aiki. In ya fara da 169.254, ma'anarsa ta nemi lamba babu wanda ya amsa, sai ta raɗa wa kanta. Dalilin da ya fi yawa shi ne katangar tsaro ta wata manhajar antibairos da aka sa wa uwa, wadda ke tare buƙatar kafin ta iso. Dakatar da katangar na minti biyu, ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew a kan 'yar. In lamba ta zo, ka gano mai laifi. Sai ka shiga manhajar ka sanya wannan kafa cikin amintattu, ka mai da katangar. Kada ka bar ta a kashe. In ba ita ba ce, cire alamar Sharing, danna OK, ka sake sawa. Sau da yawa wannan kaɗai yana tashe shi.

Akwai kuma mafita in rabon lambar ya ƙi sam: ka rubuta da hannu. 'Ya ta farko 192.168.137.10, ta biyu 192.168.137.11, subnet mask 255.255.255.0, gateway 192.168.137.1, DNS kuma 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Lamba ɗaya kada ta hau kwamfuta biyu.

Lamba ta zo amma shafi ya ƙi? Rubuta ping 8.8.8.8. In amsa tana dawowa, hanyar fita a buɗe take, tambayar suna ce ta tsaya, sai ka sa DNS da hannu kamar yadda muka faɗa. In ba ta dawowa, koma kan uwa ka ga ko ita kanta tana kan intanet, ka kuma duba ko akwai VPN a kunne, wato manhajar da ke bi da intanet ɗinka ta wani wuri daban, domin VPN yana karkatar da hanya, wasu ma suna toshe duk abin da bai bi ta cikinsu ba. Wani abu da ke ruɗa mutane: ping zuwa wata kwamfutar gida yana iya ƙin amsawa alhali komai lafiya, saboda Windows yana ɗaukar wannan haɗi a matsayin baƙon wuri ya ƙi amsa sallama. Kada ka yanke hukunci da shi kaɗai.

In ka juya tsarin ka mai da tsohuwar ta tebur uwa, kuma Windows XP ko Vista ke cikinta, ka sani su 192.168.0.1 suke ba kansu, sai daga Windows 7 aka koma 192.168.137.1. Modem ɗin da shi ma yake kan 192.168.0.1 zai yi karo da ita, rabon ya ƙi kunnuwa. Ko ba don wannan ba ma, ba mu ba ka shawarar ka sa tsohon Windows a bakin zaure ba: XP ya daina samun gyaran tsaro tun Afrilun 2014, Windows 7 tun Janairun 2020. Wadda ta fi sabon tsari ita ta cancanci zama uwa.

A cikin ncpa.cpl za ka ga wani zaɓi, "Bridge Connections", wasu kuma za su ce maka shi ne gajeriyar hanya. Gada daban, rabo daban. Gada tana haɗe kafofi biyu su zama ɗaya ne kawai, ba ta raba lamba, ba ta tsaron zaure. Tana amfani in a can gaba akwai na'urar da ke yin wannan aiki da kanta. Da modem mai ba da adireshi ɗaya, kwamfuta ɗaya za ta samu, sauran su zauna a 169.254. Kuma kafar da aka sa a gada ba ta karɓar Sharing sai an rushe gadar. Bar ta.

Sai matsalar da ke fitowa washegari, bayan an kwana ana murna. An kashe uwa an kunna, alamar Sharing tana nan, amma 'ya'ya babu intanet. Wannan sanannen hali ne na Windows 10, kuma Microsoft da kansa ya bayyana gyaransa. Buɗe services.msc ta maɓallin Windows da R, nemo "Internet Connection Sharing", mai da yanayin tashinsa Automatic. Sannan buɗe regedit, wato rajistar Windows, ta wannan hanyar, ka je

HKEY_LOCAL_MACHINE\Software\Microsoft\Windows\CurrentVersion\SharedAccess

ka ƙirƙiri sabon DWORD mai suna EnableRebootPersistConnection, ka ba shi ƙimar 1, ka sake kunna kwamfutar. Rajistar Windows ba wurin gwaji ba ce, ka rubuta sunan harafi da harafi, kada ka goge komai. In hankalinka bai kwanta da ita ba, cire alama da mai da ita duk safiya bai fi rabin minti ba.

Barci ma haka. Uwa ta yi barci, gida duka ya yi. A saitin wuta ka sa kada ta yi barci in tana kan caji, allo kawai ya riƙa mutuwa, ka kuma sa rufe murfi kada ya yi komai. A Device Manager, cikin Properties na kafar kebul, shafin Power Management, cire alamar da ke ba Windows izinin kashe na'urar don tanadin wuta. A zurfin saitin wuta kuma ka kashe "USB selective suspend", shi ne ke sa modem ya ɗauke bayan an bar shi shiru. In za ka riƙa rufe murfin tana aiki, ɗora ta a kan tebur ko katako, ba kan katifa ba, lokacin zafi musamman.

Abin da muka fi jiye maka shi ne data, don nan ne kuɗi ke zurarewa ba a gani. Kwamfutar da ta samu intanet ta kebul tana ɗauka cewa layi ne marar iyaka. Ba ta san a ƙarshensa katin waya ne da aka saya da gumi ba. Nan take za ta fara sauko da sabuntawar Windows, wadda babba daga ciki takan kai gigabait da yawa, ga OneDrive, ga manhajojin da ke sabunta kansu. Laftof da ta daɗe ba ta hau ba tana iya cinye datar wata a yini guda. Don haka tun kafin ka soka kebul ka san inda maɓallin yake: Settings, Network & Internet, Ethernet, danna sunan haɗin, kunna "Set as metered connection". Yi wannan a kan kowace 'ya, ka yi wa modem ɗin ma a kan uwa, domin saitin uwa ba ya bin kebul ya isa ga 'ya'ya. Windows 7 ba shi da wannan maɓalli. A can sai ka shiga Windows Update ka zaɓi a tambaye ka kafin a sauko da komai. Ba muna cewa a daina sabuntawa ba ne. A zaɓa mata lokaci, a yi ta sa'ad da ake da datar dare ko wadatacciya. Gudu kuma rabawa za a yi: in ɗaya tana kallon bidiyo, sauran za su ji a jikinsu, kuma Windows ba shi da hanya mai sauƙi ta yanka wa kowa rabonsa.

In akwai tsohuwar wayar Android a ajiye, akwai hanyar da ba ta buƙatar uwa ko kaɗan. Cire layin daga modem ka sa a wayar, haɗa ta da kwamfutar tebur da kebul ɗin caji mai ɗaukar data, kunna "USB tethering", sannan ka kunna hotspot don laftof biyun. Yawancin wayoyi suna yarda da duka biyun tare, abin da Windows ya ƙi. Aibinta zafi: waya tana caji dare da rana tana kuma watsa Wi-Fi, batir yakan kumbura. Cire mata riga, ajiye ta inda iska ke bi, in ka ga bayanta ya fara ɗagowa ka dakata da ita nan take. Kebul ɗin caji da yawa kuma wayoyin wuta kawai ke cikinsu. In maɓallin ya ƙi dannuwa, canja kebul kafin ka zargi wayar.

Wanda kwamfutar da ya mai da uwa Mac ce, abin yana cikin Sharing da sunan "Internet Sharing", adireshinta 192.168.2.1. A Ubuntu da danginsa kuma, cikin saitin IPv4 na kafar kebul ake zaɓar "Shared to other computers", adireshin 10.42.0.1. Matakan bincike duk ɗaya ne.

Saura maganar wuta. Laftof tana da batir, modem daga jikinta yake sha, amma suwic sai da soket. In an ɗauke wuta, haɗin kebul ya tafi ko da laftof biyun suna kunne. Akwai ƙananan suwic masu shan bolt 5 da ake iya ciyarwa daga fawa bank da kebul ɗin da ya dace, duba rubutun da ke jikin cajarsa kafin ka saya. In kuma kebul zai ratsa tsakar gida daga wannan ɗaki zuwa wancan, kada a rataye shi a sarari kan kwano ko tare da wayar wutar lantarki. A zura shi cikin bututun roba, a bi da shi ta ƙasa ko jikin bango. Da damina, tsawa ba sai ta faɗo a kan gida take ɓarna ba, ko a kusa ta sauka doguwar waya tana ɗebo ƙarfinta ta kai wa kafofin da ke kawunanta biyu, kuma kafar laftof a jikin babban allon cikinta take. In hadari ya haɗo, zare kebul ɗin daga duka ɓangarorin, ba ɗaya ba.